Raguwar ƙera matsakaitan motocin salun

Raguwar ƙera matsakaitan motocin salun wani sauyi ne da ya auku a harkar ƙera motoci tun daga tsakiyar shekarun 2010, inda manyan kamfanoni da dama suka daina ƙera motocin salun masu matsakaicin girma, suka karkatar da jarinsu da masana'antunsu zuwa motocin SUV, waɗanda aka fi sani da jif, da a-kori-kura, da kuma motoci masu amfani da fetur da lantarki a haɗe, wato haibirid. Sauyin ya fi ƙarfi a Amurka da Kanada, amma ya shafi Turai da Ostireliya da Japan ma.

A Amurka, kamfanonin Chrysler da Ford da Chevrolet duk sun fice daga wannan rukuni tsakanin shekarar 2016 da 2024, kuma Mazda da Volkswagen da Subaru sun bi sahunsu. Duk da haka rukunin bai ɓace ba. Kamfanonin Japan da Koriya ta Kudu kaɗan da suka rage sun gaji kasuwar, kuma manyansu, Toyota da Honda, sun mayar da yawancin motocinsu na salun haibirid.

Ma'anar rukunin

Salun, wadda Amurkawa ke kira sidan, mota ce mai ƙofa huɗu da jikinta ya kasu kashi uku: wurin inji a gaba, wurin zaman mutane a tsakiya, da but a baya wanda yake ware da wurin zama. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana rarraba motoci ne bisa faɗin cikinsu. A wurinta, matsakaiciyar mota ita ce wadda jimillar wurin zama da wurin kayanta ta kama daga ƙafa 110 zuwa 119 a ma'aunin kubik. A Turai ana kiran irin waɗannan motoci rukunin D. Fitattun misalai su ne Toyota Camry, Honda Accord, Ford Fusion, Ford Mondeo, Chevrolet Malibu, Volkswagen Passat, Nissan Altima, Hyundai Sonata da Mazda6.

SUV kuwa doguwar mota ce mai nisa da ƙasa, wadda wurin kayanta yake haɗe da wurin zama, ana buɗe shi ta ƙofar baya. Iri biyu ne. Akwai wadda ake ɗora jikinta a kan shasi irin na a-kori-kura, kamar Toyota Land Cruiser da Chevrolet Tahoe. Akwai kuma wadda ake kira kurosoba, wadda jikinta da shasinta a haɗe suke kamar na ƙaramar mota, irin su Toyota RAV4 da Honda CR-V. Wannan iri na biyu shi ne ya fi ƙwace wa salun masu saye.

Tarihi

Zamanin rinjaye

Shekaru da yawa matsakaiciyar salun ita ce motar iyali a Amurka. Honda ta fara ƙera Accord a garin Marysville na jihar Ohio a shekarar 1982, Toyota kuma ta fara ƙera Camry a Georgetown ta jihar Kentucky a 1988. Ford ta fitar da Taurus a ƙarshen 1985. Waɗannan motoci uku ne suka riƙa karɓa-karɓar matsayin ƙaramar motar da aka fi saye a ƙasar: Accord daga 1989 zuwa 1991, Taurus daga 1992 zuwa 1996, sannan Camry daga 1997 zuwa 2000. Accord ta sake karɓa a 2001, daga 2002 kuma Camry ta riƙe matsayin shekara bayan shekara. A 2007 kaɗai an sayar da Camry sama da 470,000 a Amurka.

A daidai wannan lokaci SUV tana samun gindin zama. Jeep Cherokee ta 1984 da Ford Explorer ta 1990 sun jawo iyalai da yawa. Toyota ta fitar da RAV4 a 1994, Honda kuma ta fitar da CR-V a 1995. Sai dai manyan SUV na wancan zamani suna shan mai sosai, don haka lokacin da galan ɗin fetur ya haura dala 4 a Amurka a tsakiyar 2008, kuma tattalin arziki ya durƙushe, mutane da yawa suka koma kan ƙananan motoci. A wajajen 2012, kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka ƙananan motoci ne, wato waɗanda ba SUV ba, ba a-kori-kura ba, ba kuma ƙananan bas ba.

Juyawar kasuwa

Daga tsakiyar 2014 farashin ɗanyen mai ya fara faɗuwa. Gangar da ake sayarwa sama da dala 100 ta koma ƙasa da dala 30 a watan Janairun 2016, galan ɗin fetur a Amurka ya sauko ƙasa da dala 2. Cinikin salun ya soma ja da baya. Ford Fusion, wadda aka sayar da sama da 300,000 a 2014, ta riƙa raguwa kowace shekara daga nan. A 2017 RAV4 ta wuce Camry a yawan ciniki a Amurka a karon farko. Zuwa 2019 rabon ƙananan motoci a kasuwar ya faɗi ƙasa da kashi 30 cikin 100, a 2023 kuma ya tsaya a wajajen kashi 20.

Ficewar kamfanonin Amurka

Kamfanin Fiat Chrysler ne ya fara. A watan Janairun 2016 shugabansa Sergio Marchionne ya sanar cewa za a daina ƙera Chrysler 200 da Dodge Dart, yana mai cewa komawar masu saye kan SUV da a-kori-kura sauyi ne na dindindin. An ƙera Chrysler 200 ta ƙarshe a watan Disambar 2016, aka sake fasalin masana'antar Sterling Heights da ke jihar Michigan domin ƙera a-kori-kurar Ram 1500.

A watan Afrilun 2018, ƙarƙashin shugabancin Jim Hackett, Ford ta sanar cewa ba za ta ƙara zuba jari a sababbin motocin salun na Arewacin Amurka ba, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na motocinta a yankin za su zama SUV da a-kori-kura da motocin kasuwanci zuwa 2020. An daina ƙera Taurus a Chicago a watan Maris na 2019. Fusion ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Hermosillo da ke Meziko a watan Yulin 2020, masana'antar kuma ta koma ƙera Bronco Sport da Maverick. Reshen Ford na motocin alfarma, wato Lincoln, shi ma ya daina ƙera MKZ da Continental a wannan shekara.

General Motors ta yi tata sanarwar a watan Nuwamban 2018, inda ta ce za ta daina ƙera Chevrolet Cruze da Impala da Volt da Buick LaCrosse da wasu motocin Cadillac, tare da rage ma'aikata kusan 14,000 a Arewacin Amurka. Chevrolet Malibu ta ƙara shekaru shida bayan wannan. Sunan Malibu ya fara fitowa ne a 1964, kuma an sayar da sama da miliyan 10 a duniya kafin a daina ƙera ta a ƙarshen 2024 a masana'antar Fairfax da ke jihar Kansas. An tanadi masana'antar domin sabuwar Chevrolet Bolt mai amfani da lantarki. Da tafiyar Malibu, babu sauran matsakaiciyar salun ta talakawan masu saye daga manyan kamfanonin Detroit uku.

Wasu motocin da aka daina sayarwa a Amurka

- Buick Regal, bayan samfurin 2020
- Mazda6, bayan samfurin 2021
- Volkswagen Passat, bayan samfurin 2022. Masana'antar Chattanooga ta jihar Tennessee ta ci gaba da ƙera Atlas, ta kuma ƙara da ID.4 mai lantarki
- Toyota Avalon, babbar salun, a 2022. Crown ce ta maye gurbinta
- Nissan Maxima da Chrysler 300, manyan salun, a 2023
- Subaru Legacy, a 2025. Ita ce motar farko da Subaru ta ƙera a Amurka, a garin Lafayette na jihar Indiana, tun 1989

Dalilai

Riba

Kamfanoni da yawa suna ƙera salun da kurosoba a kan tushe ɗaya, da inji iri ɗaya da giya iri ɗaya. Camry da RAV4 da Highlander, alal misali, duk a kan tushen da Toyota ke kira TNGA-K aka gina su. Ke nan bambancin kuɗin ƙera salun da kurosoba ba shi da yawa, amma masu saye sun yarda su biya fiye a kan kurosoba. A rukunin salun kuwa gasa ta yi tsanani, kuma Camry da Accord sun riga sun yi suna wajen ƙarko da darajar sake sayarwa. Domin su samu shiga, kamfanonin Amurka sukan yi ragi mai yawa ko su sayar wa kamfanonin ba da hayar mota da yawa a farashi mai sauƙi. Wannan yana rage riba, yana kuma karya darajar motar a kasuwar na hannu. Da kamfanonin suka fara neman maƙudan kuɗin da za su zuba a motocin lantarki, sai suka fara da yanke motocin da ba su kawo riba sosai.

Sha'awar masu saye

Kujerar kurosoba ta fi ta salun tsawo, don haka direba ya fi hango hanya, kuma shiga da fita sun fi sauƙi, musamman ga tsofaffi da iyaye masu ɗaure yara a kujerar baya. Ƙofar baya mai faɗi tana ba da damar loda kayan da ba za su shiga but ɗin salun ba. Da yawa daga cikinsu suna ja da taya huɗu, abin da ke da amfani a yankunan da dusar ƙanƙara ke zuba. A da, mai son waɗannan abubuwa sai ya haƙura da shan mai da girgiza irin ta a-kori-kura. Kurosoba ta rage wannan matsala, domin tafiyarta kusan ɗaya ce da ta salun, shan manta kuma bai wuce na salun da yawa ba.

Dokoki

A 1975, bayan rikicin man fetur na 1973, majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa kowane kamfani wani matsakaicin ma'auni na tattalin mai a motocin da yake sayarwa. Dokar ta raba motoci gida biyu: ƙananan motoci, da ƙananan motocin ɗaukar kaya. An sassauta wa rukuni na biyu, kuma SUV da yawa suna shiga cikinsa. Daga baya aka sauya lissafin ya dogara da faɗin filin da ke tsakanin tayoyin mota huɗu, ta yadda motar da ta fi girma ba a neman ta kai tattalin man ƙarama. Masu sukar tsarin suna ganin ya ba kamfanoni ƙwarin gwiwar ƙera manyan motoci.

Akwai kuma harajin kashi 25 cikin 100 da Amurka ta sa wa motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su daga waje tun 1964, a zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Ana kiransa harajin kaji domin ya samo asali ne daga wata taƙaddamar cinikin naman kaji tsakanin Amurka da Turai. Harajin ya kare kasuwar a-kori-kura ta kamfanonin Detroit daga gasar waje, kariyar da salun ba ta samu ba.

Rawar haibirid

Motar haibirid tana da injin fetur da injin lantarki da batir. Batirin yana samun caji daga injin fetur da kuma ƙarfin da ake tarawa lokacin taka birki, don haka yawancinsu ba sa buƙatar a jona su da wuta. Toyota Prius, wadda ta fito a Japan a 1997, ita ce ta farko da aka ƙera da yawa. Ford Escape ta 2004 ce SUV ta farko mai wannan fasaha, Camry kuma ta samu nata samfurin haibirid a 2006.

Fasahar ta shafi salun ta fuska biyu. Ta farko, ta raunana babbar hujjar sayen salun, wato tattalin mai. RAV4 haibirid tana yin kimanin kilomita 17 da lita ɗaya bisa ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, alhali Camry mai fetur zalla da silinda huɗu tana yin ƙasa da kilomita 14. Mai saye zai iya samun doguwar mota ba tare da ƙarin kuɗin mai ba.

Ta biyu kuma, fasahar ta zama abin da ya riƙe motocin salun da suka rage. Da yake salun ta fi sauƙin nauyi kuma ta fi keta iska, haibirid ɗinta har yanzu ta fi kurosoba tattalin mai. A watan Nuwamban 2023 Toyota ta nuna sabuwar Camry, samfurin 2025, wadda a Amurka haibirid ce kawai, kuma an cire injin V6 daga cikinta. Mafi tattalin nau'inta yana yin kusan kilomita 22 da lita. Honda ma, a Accord ta 2023, ta mayar da manyan nau'o'in motar haibirid. A 2024 an sayar da Camry sama da 300,000 a Amurka, RAV4 kuma sama da 470,000.

Haibirid ta ƙara daraja ne bayan cinikin motocin lantarki zalla bai ƙaru da saurin da kamfanoni suka zata ba. A 2024 Ford ta soke shirin ƙera wata babbar SUV mai lantarki, ta ce za ta ƙera haibirid a madadinta, General Motors kuma ta ce za ta dawo da haibirid da ake jonawa da wuta zuwa Arewacin Amurka. A 2025 Toyota ta sanar cewa sabuwar RAV4 ma haibirid ce kawai a Amurka.

A wasu ƙasashe

A Turai, Nissan Qashqai da ta shiga kasuwa a 2007 ta buɗe wa kurosoba hanya. Honda ta janye Accord daga nahiyar a 2015, Toyota ta daina ƙera Avensis a 2018, sannan Ford Mondeo da Opel Insignia da Renault Talisman suka ƙare a 2022. Sabuwar Passat da Volkswagen ta fitar a Turai wagon ce kawai. Motocin alfarma na Jamus, irin su BMW 3 Series da Mercedes-Benz C-Class, su ne suka ci gaba da riƙe wannan rukuni.

A Ostireliya an daina ƙera Ford Falcon a watan Oktoban 2016. A Oktoban 2017 Toyota ta rufe masana'antarta ta Camry, Holden ma ta rufe tata ta Commodore, wanda ya kawo ƙarshen ƙera ƙananan motoci da yawa a ƙasar. A Japan, Toyota ta daina sayar da Camry a 2023 bayan shekaru 43, Mazda kuma ta daina ƙera Mazda6 domin kasuwar gida a 2024.

A Sin da Gabas ta Tsakiya salun tana da sauran ƙarfi. Ford tana ƙera sabuwar Mondeo a Sin, tana kuma sayar da ita a ƙasashen Larabawa da sunan Taurus. Volkswagen na ci gaba da ƙera Passat da Magotan a can, kamfanonin gida irin su BYD kuma suna fitar da salun masu lantarki da haibirid. Motocin lantarki gaba ɗaya sun ɗan farfaɗo da siffar salun, domin keta iska yana ƙara nisan da batir zai kai mota. Tesla Model 3, da ta fito a 2017, da Hyundai Ioniq 6 misalai ne.

Tasiri

Ma'aikata

Wasu masana'antun an sake musu fasali, wasu kuma an rufe su. Masana'antar General Motors ta Lordstown a jihar Ohio, wadda take aiki tun 1966, ta ƙera Cruze ta ƙarshe a watan Maris na 2019. Rufewarta na cikin batutuwan yajin aikin kwana 40 da ƙungiyar ma'aikatan motoci ta Amurka ta yi wa kamfanin a ƙarshen wannan shekara.

Farashi

Salun na daga cikin sababbin motoci masu sauƙin kuɗi. Raguwarsu ta rage wa masu ƙaramin ƙarfi zaɓi. A 2024 matsakaicin farashin sabuwar mota a Amurka ya kai kusan dala 48,000, yayin da farashin Camry da Accord yake farawa daga ƙasa da dala 30,000.

Muhalli da lafiyar masu tafiya a ƙasa

Hukumar makamashi ta duniya ta ce SUV ce ta ɗauki kashi 48 cikin 100 na motocin da aka sayar a duniya a 2023, kuma akwai sama da miliyan 360 a kan tituna. A ƙiyasin hukumar, SUV ta fi matsakaiciyar mota nauyi da kilo 200 zuwa 300, hayaƙin kabon da take fitarwa kuma ya fi da kimanin kashi 20 cikin 100. Wani bincike da cibiyar kiyaye haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa motar da tsawon bonet ɗinta ya wuce inci 40 ta fi yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin 100, idan aka kwatanta da mai inci 30 ko ƙasa da haka wadda gabanta ya gangara. A watan Fabrairun 2024 mazauna birnin Paris suka kaɗa ƙuri'ar ninka kuɗin ajiye manyan motoci masu nauyi sau uku ga baƙi.

Kasuwar motocin hannu a Yammacin Afirka

Amurka na cikin manyan ƙasashen da ake kawo motocin hannu daga cikinsu zuwa Yammacin Afirka, ta tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano da Lome. Camry da Accord na daga cikin motocin da aka fi sani a Najeriya da Nijar, har wasu samfuransu sun samu laƙabi a bakin dillalai, kamar Big Daddy da Muscle na Camry, da End of Discussion na Accord. Da yake motar da ake shigowa da ita takan yi shekaru a hannun mai ita na farko, sauyin da ya auku a kasuwar Amurka yana isowa ne a makare. Raguwar sababbin salun a can na nufin ƙaruwar kurosoba da haibirid cikin motocin hannu na shekaru masu zuwa, abin da ya shafi dillalai da masu sayar da kayan gyara da makanikai, musamman wajen gyaran batir da kayan wutar haibirid.

Motocin da suka rage

Zuwa shekarar 2025, matsakaitan motocin salun na talakawan masu saye da ake sayarwa sababbi a Amurka su ne Toyota Camry, Honda Accord, Nissan Altima, Hyundai Sonata da Kia K5, wadda a da ake kira Optima. Dukkansu na kamfanonin Japan ne ko na Koriya ta Kudu, kuma uku daga ciki, wato Camry da Accord da Sonata, suna da nau'in haibirid.